Ƙullin bakin zanin Inna

Madina, daren Laraba.

Da safe labarin farin ciki na so in ba ku. Bayan Asuba na buɗe Nusuk, manhajar da ake neman izinin shiga Rauda da ita, sai ga gurbin shiga Rauda ya fito mana ni da Inna, daren Juma'a. Kun san tun muna gida nake ta neman wannan gurbi. Na fito haraba daidai lokacin da lemomin nan suke buɗewa ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki hoto na tura wa Auta, ta turo min kuka da dariya a haɗe. Hajiyar Gusau ta ja ni kasuwar dabino, muka yi ta ciniki da hannu da kalkuleta. Ajwa ta fi ƙarfinmu, muka tsaya a safawi da mabrum. Inna ta ce mu je kawai, ita za ta ɗan kishingiɗa.

Da hantsi muka dawo. Esi a kashe, shayin da na haɗa mata yana nan yadda na bar shi, ita kuma tana cikin bargo biyu, nata da nawa, haƙoranta na haɗuwa. Na taɓa goshinta na ji kamar garwashi. A nan Hajiyar Gusau ta sunkuyar da kai ta ce min tun shekaranjiya Inna take haka, in na shiga wanka ko na sauka karɓo abinci sai ta haɗiyi Panadol ta wanke fuska, kuma ta sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa min ba.

Na ce, "Inna, ku tashi mu tafi asibiti."

Ta ce, "Ba inda zan je, Uwata. Sallah ɗaya a nan ta fi dubu a wani wuri, ki ce in je in kwanta a gado Azahar ta wuce ni?"

Na ce ai ba za ku iya tsayuwa ba ma. Sai ta yaye bargon daga fuskarta, ta dube ni da idanun da suka yi ja, ta ce, "In kwana ne ya ƙare, wa ya kai ni sa'a? Ga Baƙi'a nan bayan katanga. Mutane nawa ne suke roƙon wannan ba su samu ba?"

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Uwarka ta kalle ka tana maganar kabarinta da fara'a. Na ce mata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda muka zo garinsa, shi ne ya ce a nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ta yi shiru. Hajiyar Gusau ta ga abin na uwa da 'ya ne, ta ɗauki butarta ta fita.

Ƙofa na rufuwa Inna ta jawo bakin zaninta, ta fara kwance wani ƙulli da yatsun da ke rawa. Riyal ne a nannaɗe, 'yan goma-goma da hamsin-hamsin, waɗanda ta canza tun a Wapa ta ce na tsarabar jikoki ne. Ta miƙo min ta ce, "Ƙirga ki gani ko zai isa. In bai isa ba a bar shi. Kuma kada ki kira Yayanki. Yaron nan bai gama biyan bashin kujerar nan ba, ba zan ƙara masa wani ba."

Wannan ce maganar da ta hana ni barci har yanzu. Ni ban ce son da Inna take wa Madina ba gaskiya ba ne. Na san ta, tun muna yara in aka ambaci garin nan sai ta yi ƙwalla. Amma a ƙarƙashin zancen Baƙi'a akwai lissafi, kuma kwana biyu ta yi tana yin sa ita kaɗai cikin zazzaɓi. Asibitin da ta sani shi ne wanda ba a taɓa ka sai ka yanki kati, ka ajiye kuɗin gado, a rubuto maka safar hannu da sirinji da ledar ruwa ka je ka sayo. Ta ga maƙwabta sun sayar da gida don a kai mutum Indiya ko Masar. Sai ta ɗauki wannan duka ta ninka da riyal, ta ga abin ya fi ƙarfin 'ya'yanta, ta zaɓi ta yi shiru.

Na mayar mata da ƙullin na sauka ƙasa. Jagoran ayarinmu ya tafi ziyarar Uhudu da Ƙuba da sauran mutane, wayarsa tana ta ƙara ba a ɗauka. Yaron da ke kan teburin otal ne ya cece ni. Ya tambaya da bizar Umara muka shigo, na ce e. Ya ce to akwai inshorar lafiya a cikinta, in ɗauki fasfo kawai. Ya rubuta min lambobi biyu a bayan katin otal: 937, layin ma'aikatar lafiya da ake kira a yi tambaya, da 997 na motar ɗaukar marasa lafiya, in ta kasa tafiya. Inna ta iya takawa da taimako, sai muka shiga tasi.

A sashen gaggawa wata ma'aikaciya ta karɓi fasfon, ta buga lambarsa a kwamfuta, ta miƙo min abina. Shi ke nan. Babu wanda ya ce in je in biya wani abu in dawo da rasit. Tun 2020 ake haɗa wannan inshora da bizar Umara, kuɗinta yana cikin abin da aka biya tun a gida, tana aiki har kwana 90 daga ranar shigowa, kuma tana ɗaukar ciwon gaggawa har riyal 100,000. Ba ta shafi wanda ya zo da niyyar a yi masa aikin yanar ido ko a duba tsohon ciwon gwiwa ba, amma zazzaɓin da ya kwantar da mutum, ko faɗuwa a harami, ko hatsarin mota, duk suna ciki.

Likitan Bamisre ne, mai haƙuri. Aka sa wa Inna takunkumi, aka auna jini da sukari, ya fara tambaya: tana tari? Numfashi yana mata wuya? Ta je wurin raƙuma? Ta sha nonon raƙumi? Inna ta harare ni ta ce me ya haɗa ta da raƙumi. Amma tambayar tana da dalili. Cutar numfashin nan ta MERS a ƙasar nan aka fara gano ta a 2012, daga raƙuma take kama mutane, kuma alhazanmu suna son tsayawa a garken raƙuma in an fita ziyara. Shi abin da ya saba gani a wurin masu Umara shi ne mura da ciwon ƙirji da bugun rana, can hankalinsa ya fara tafiya. Na ce masa daga Najeriya muka zo, ƙarshen damina muka baro, sauro ya yi yawa a unguwarmu, kuma wannan rawar sanyin da take zuwa ta tafi na san ta. Ya ɗaga kai ya ce to a gwada maleriya.

Ina so wanda zai yi tafiya ya riƙe wannan. Cikin Makka da Madina babu zazzaɓin cizon sauro, sai can kudu wajen Jazan, kusa da iyakar Yaman. Mu kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a ƙasarmu suke. Sauro zai cije ka a Kano, ka hau jirgi lafiya ƙalau, sai bayan mako ɗaya ko biyu ciwon ya taso maka a inda likita ba kullum yake ganin irinsa ba. In ba ka buɗe baki ka faɗi inda ka fito ba, ana iya ɓata lokaci ana neman wani abu daban, shi kuma irin namu na falsifarum ba ya jira, balle a jikin tsohuwa.

Allah ya saka wa Auta da alheri da ta nace a zuba magungunan hawan jinin Inna cikin kwalayensu, ba a ɓare su a ƙulla a leda ba. Likitan ya karanta sunan da ƙarfin maganin a jikin kwali, bai sai ya tambayi Inna ba, wadda a wurinta "farin nan na safe" ne kawai sunansa. Kuma kantin magani a nan ba kamar kemis ɗinmu ba ne da za ka ce a haɗa maka. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sa sayarwa sai da takardar likita.

Sakamako ya fito, maleriya ce, ba ta kai ga mai tsanani ba, sai dai jikinta ya bushe saboda rashin ci da sha. Aka ɗaura mata ruwa.

Tana kwance ruwan na ɗiga, ta yafito ni da hannun da babu allura. Na ɗauka ruwan sha take so. Ta ce a hankali, "Nawa suka ce?"

Na ce, "Ko kwabo, Inna."

"Uwata, kada ki ɓoye min."

Na rantse mata. Ba ta yarda ba. Ta ce ta san halina, zan je in ci bashi a wurin Hajiyar Gusau in ce kyauta ne. Ana haka sai wata ma'aikaciya da ke gyara gadon kusa da mu ta juyo ta gaishe mu da Hausa, Hausa mai nauyin Larabci, ta ce a nan aka haife ta, kakanta ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa ta hanyar Sudan. Ita ce ta ce, "Hajiya, 'yarki gaskiya ta faɗa. An riga an biya tun ranar da aka buga miki biza."

Inna ta daɗe tana kallon silin. Can ta ce, "Ashe an biya. To me ya sa ba a faɗa mana ba?"

Ba ni da amsar da zan ba ta. Mun je bita kafin mu taso. An koya mana ɗaura niyya a Zul Hulaifa, an jaddada mana kilo nawa jaka za ta kai, an ce zamzam lita 5 kowa, an duba katin rigakafin sanƙarau, an gargaɗe mu kada mu karɓi saƙon kowa a filin jirgi saboda ƙwaya. Duk wannan daidai ne. Amma ko jimla ɗaya ban ji an yi ba a kan abin da mutum zai yi in ya kwanta ciwo, alhali rabin ayarinmu tsofaffi ne masu hawan jini da ciwon sukari. An karɓi kuɗin inshorar daga hannunsu, ba a gaya musu suna da ita ba. Wannan abu ya ci min rai ƙwarai, kuma har yanzu in na tuna yatsun Inna a kan ƙullin nan sai in ji ƙirjina ya cika. Matar da ta sayar da ƙosai ta biya mana kuɗin makaranta, ita ce take ganin rashin lafiyarta nauyi ne da bai kamata ta ɗora mana ba.

Bayan Magariba aka sallame mu da Coartem, sha shida cikin kwana uku, kuma a sha da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. Na saya mata laban, wato kindirmon nan, da ayaba. Ta sha rabi. Likitan ya ce in amai ya hana maganin zama, ko ta fara sambatu, ko fitsari ya yi baƙi, in dawo da ita nan take ko da tsakar dare ne.

Na kira Yaya duk da ta hana. Da na kai ga zancen riyal ɗin sai layin ya yi tsit, har na ɗauka ya yanke. Daga baya ya ce in ba ta wayar. Ban ji abin da ya faɗa mata ba, na dai ji tana cewa, "To, Allah ya yi muku albarka, na daina."

Abban yara ma ya kira. Na tambaye shi duk zuwan da yake China sari, ya taɓa yankar inshorar tafiya? Ya ce a'a. Na ce to wannan maganar tana nan sai na dawo.

Jagoran ayari ya zo duba ta bayan Isha, ya yi ta sannu. Na faɗa masa abin da ke raina a gaban Inna, cikin ladabi amma ban rage komai ba, ya ce gobe zai tara mutane ya yi bayani. Tikitin jirgin ƙasa zuwa Makka kuma za a ɗaga mana zuwa bayan ta gama magani. Rauda ta Juma'a, in ƙafa ta ƙi, keken guragu zan nema in tura ta.

Yanzun nan Hajiyar Gusau ta shigo ta raɗa min cewa tsohuwar ɗakin da ke kallon namu, mai ciwon sukari, ƙasan tayil mai zafi ya ƙona mata tafin ƙafa a haraba tun ranar Lahadi, ta naɗe da tsumma tana ɗingisawa, ba ta faɗa wa ɗanta ba. Na ce ta nemo fasfonta ta ajiye kusa. Ana idar da Asuba zan bar Inna da Hajiyar Gusau in kai ta.