Daga Tawa zuwa Yamai a kan sawun 'yan wasan siliman Nijar

Kar ɗin Tawa zuwa Yamai kafin sallar asuba yake tashi, shi ya sa na yanki tike tun da maraice, aka auna kayana a tasha. Tafiyar ta kai kilomita 550. Ana gangarowa kudu har mararrabar Tsarnawa, a hau babban gudron da ya taso daga Damagaram, sai Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, sannan Yamai. Katin ɗan ƙasa ya zauna a aljihun gaba, domin shingen jami'an tsaro ba ɗaya ba ne, kuma mutum ɗaya da ya cusa nasa a ƙasan jaka ya isa ya tsayar da mota duka.

Da gangan na faro daga Tawa. A nan Mustafa Alasan ya zauna shekarunsa na ƙarshe yana haɗa finafinan zane, kafin ya rasu a Wagadugu a 2015. Shi ya fara sa Zalika Sule a fim a 1966, cikin Le Retour d'un aventurier, inda samarin ƙauye suka yi shigar kaboyi. Ba ta cika shekara 20 ba a lokacin, kuma ana lissafa ta cikin matan farko da suka riƙi wasan silima sana'a a Afirka kudu da Sahara.

Kusa da Ƙonni ne Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya finafinai, ya rasu a haɗarin mota ranar 18 ga Fabrairu 2004, aka kai shi Yamai aka rufe. Wani dattijo da muke kujera ɗaya ya ji ina zancen da yaron mota, ya ce, “Malam, ai Bature ya riƙe kyamara ne kawai, bakin namu ne.” Na ce, “Baba, haka take,” domin duk wanda ya san yadda aka yi finafinan ba zai musa ba. Kyamarar Rouch ta shekarun 1950 mai milimita 16 ce, da hannu ake wana ta, kuma in an wana ta sau ɗaya ba ta kai rabin minti tana ɗauka. Ba ta ɗaukar murya. Sai an gama ɗauka, an wanke fim, an jera shi, sannan a zaunar da ɗan wasa gaban hoton ya yi ta magana daga kansa ana naɗa. Rubutaccen labari babu. In ɗan wasa ba shi da baki, fim ya mutu a nan.

Umaru Ganda yana da baki. An haife shi a Yamai a 1935, ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, aka kai shi yaƙin Indoshin, ya dawo bai samu aiki ba, ya gangara Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa. Can Rouch ya same shi. Muryarsa ce ta ɗauki Moi, un noir, wanda ya ci kyautar Louis-Delluc a Faransa a 1958. Daga baya ya koma bayan kyamara: Cabascabo ya samu lambar yabo a Mosko a 1969, Le Wazzou polygame kuma ya ɗauki babbar kyauta ta farko ta FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Har gobe FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko.

Mun ci abinci a tsaye a Dogon Dutsi, muka shiga Yamai bayan la'asar.

Washegari na hau taksi zuwa CCOG, cibiyar al'adu mai sunan Ganda. Da haruffan nan direbobi suka san ta, kada a wahalar da su da cikakken suna. Tsohuwar cibiyar Faransa da Nijar mai sunan Rouch kuwa, tun 2024 sunan Mustafa Alasan take ɗauke da shi. Daga nan na ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, na nufi Lamorde, unguwar da Damure Zika ya yi aikin magani. Ɗan gidan Sorkawa ne masu kamun kifi, ya fito a Jaguar da Petit à petit, inda ya shiga Paris yana auna kawunan Turawa yadda masu bincikensu suka saba auna namu. A ganina wannan wasa ya fi dogon jawabi da yawa kaifi. Shi da Lam Ibrahim Dia da Rouch da Tallu Muzuran suka haɗa farkon sunayensu suka kafa kamfanin fim na DALAROUTA, suka yi Cocorico Monsieur Poulet a 1974. Damure ya rasu a 2009.

Damure bai saki sana'arsa ta magani ba, kuma ya yi dabara, domin sunan da aka yi a waje bai cika tukunya a gida ba. A lokacin Nijar ba ta da ɗakin wanke fim. Paris ake aika shi, can ake jera shi, can ainihin kwafin yake kwana, can masu rarrabawa suke. Ɗan wasa ya karɓi abin da aka ba shi lokacin ɗauka, shi ke nan. Da kuɗin yin fim suka ƙafe a shekarun 1980, gidajen siliman Yamai suka bi sahu suna rufewa.

Zalika ce ta fi jin jiki. Sau da yawa matsayin muguwar mace ake ba ta, kamar kishiyar da ta fito a Le Wazzou polygame, kuma 'yan kallo ba su raba wasa da mai wasa ba, suka riƙa jifanta da magana a gari. Ta fito a finafinan Ganda har zuwa L'Exilé a 1980, ta je bukukuwan silima a ƙasashe, amma fim ɗin da Rahmatu Keita ta yi a kanta, Al'lèèssi, wanda aka nuna a Cannes a 2005, ya same ta a gidan da ko famfo babu. Ta tafi ƙasar waje ta yi aikatau, ta rasu a watan Yuli 2021.