Ajiyar jirgi a gaɓar Yawuri

Sana'armu ajiyar jiragen ruwa ce a gaɓar Yawuri. Mai jirgi ya sauke fasinja da yamma ya bar mana jirginsa, namu shi ne ya tarar da shi da safe yadda ya bar shi. Da yake NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ta hana tafiyar dare, yawancin jirage a tasha suke kwana.

Masu jirgi ɓarawo suke tsoro, amma mu ruwan ne ya fi tayar mana da hankali. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 gaɓar nan ba ta da mazauni guda: ruwa ya cika a ƙarshen damina, wani ya sake isowa daga Mali da hunturu, da bazara kuma ya ja baya. Turken da aka kafa a watan jiya ba lalle ya yi amfani yau ba. In igiyar gaba ta yi tsauri ruwa kuma ya ƙaru, sai ta danne goshin jirgi ya riƙa shan ruwa. In ruwan ya janye, jirgin ya zauna kan dutse ko kututture, katako ya buɗe a mahaɗa, sai an koma ga auduga da kwalta. Shi ya sa muke ɗaure kowane jirgi da igiya biyu, ta gaba a turken ƙarfe, ta baya a anga, a bar musu sassauci kamar kamu biyu. Inda igiya ke gogar katako mukan zura mata guntun tiyo, don a nan take tsinkewa. Tsofaffin tayoyi uku a kowane gefe sun isa su hana jirage karo idan iska ta taso.

Daren da aka yi ruwan sama mai gadi ba ya barci, kwarfar ruwa yake jirgi bayan jirgi. Tamfol ma sai an sa masa gora a tsakiya ya yi tudu, in ba haka ba shi zai tara ruwan.

Shi ɓarawo inji yake nema. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 nauyinsa wajen kilo 40 ne, mutum ɗaya zai saɓa shi, don haka cire shi muke mu kai ɗaki. A jingine shi tsaye ruwan cikinsa ya tsiyaye. In za a kwantar, kai ya fi farfela tudu, kada ruwa ya gangara cikin silinda. Mai doki 40 yakan kai kilo 70, shi a jirgi yake kwana. A juya hannayen kusoshi biyu da ke matse inji a jikin jirgi su fuskanci juna, a zura kwaɗo ta hujinsu, a ƙara sarƙa, sannan a tafi da tanki da tiyon mai. Lambar da ke jikin maƙalin inji muna rubuta ta, mu ɗauki hotonta a waya. Ba ita, ko an ga injin a kasuwa, gardama kawai za a yi.

Fetur ɗakinsa daban, nesa da inda masu gadi ke jin ɗumi da hunturu. Wannan ba ma ɗaga wa kowa ƙafa a kai.

Kaya kuwa, a ƙirga buhu a gaban mai shi, a rubuta, ya sa hannu. Hatsi da busasshen kifi a ɗora su kan katako, rigunan kariya a shanya su kafin a adana. Ba ma sakin jirgi ko inji ga yaron jirgi, ko da mun san shi, sai maigidansa ya kira mu da lambar da ke cikin littafi.