Yadda na kama beguwa a gonar kabewa kusa da Dindir

Gonarmu tana bakin kogin Dindir a ƙasar Sudan, a wajen iyakar gandun dajin da aka keɓe tun 1935, inda doka ta hana farauta. Da rani kogin yakan yanke ya koma tafkuna, namun daji su matso inda ake ban ruwa. A wata shekara wani abu ya riƙa ɓarnata mini kabewa da dankali cikin dare, maƙwabta suka ce gadu ne, wai in ɗana masa zargen waya.

Baffana ya hana. Ya ce, "Ɗana, gadu da rana yake kiwo, da dare yana cikin rami. Fara sanin ɓarawonka." Ya sa na share hanyoyin shiga gonar da almuru, na barbaɗa lallausan rairayi, na shafe shi da reshe har ya zama sumul. Da asuba, kafin iska da awaki su ɓata wurin, muka duba. Babu kofato ko ɗaya. Abin da muka gani shi ne sawu mai yatsu da farata, da ƴan layuka sirara a gefensa inda ƙayoyi suka ja ƙasa, sannan ga ƙaya guda mai ratsin fari da baƙi a gindin shinge. Beguwa ce.

Na ƙera akwati na ƙarfe da raga, mai ƙofar da ke faɗowa idan an taɓa abincin, domin beguwa tana gwaguye katako da igiya. Na ajiye shi a kan hanyarta da yankan kabewa, na ɗaure ƙofar a buɗe na wasu kwanaki har ta saba shiga, kana na ɗana. Ta shiga.

Zargen waya kuwa ina ƙinsa har zuciyata, saboda ba ya zaɓe: yana yanke ƙafar akuyar maƙwabci kamar yadda yake shaƙe barewa, kuma abin da ya mutu a cikinsa mushe ne, ba ya ciyuwa. Akwatin ma amana ce, dole a leƙa shi kowace asuba, domin zafin ranar Sudan ba ya barin dabbar da ke tsare ta kai azahar. Wadda na kama, Baffa ya yanka ta da bismilla tun hantsi bai yi ba, na kuma toshe ramin da ta haƙa a ƙarƙashin shingen da duwatsu.