Kafin ka sayi ƙaramar tarakta, ka nemi wanda ya sha rana a kanta

Ƙaramar tarakta mai aiki da haidirolik, irin wadda ake daidaita fili da ita, a kwashe yashi da taki, a yanke ciyawa, a haƙa ramin dashe, tana cin kuɗi sosai duk da ƙanƙantarta. Dillali zai miƙo maka takarda mai ɗauke da ƙarfin inji da nauyin da bokitin gabanta ke ɗagawa, kuma galibi ba ƙarya aka rubuta ba. Amma takardar ba za ta gaya maka halin da motar ke shiga ba idan ta yi awa uku tana tura ƙasa cikin zafin watan Afrilu. Wannan sai wanda ya riƙe ta, shi ma sai ka iya tambayarsa.

Ba kowane mai tarakta ne ya dace ka nema ba. Wanda ya saya watan jiya yana cikin ɗoki, yabo kawai za ka ji. Ka nemi wanda agogon motarsa ya wuce awa 500, wanda ƙasarsa ta yi kama da taka, domin mai jigawa ba zai san wahalar mai lakar fadama ba. In da hali ka nemo wanda ya taɓa riƙe irinta ya sayar, ka ji dalilinsa. A wajenmu kuma sau da yawa mai motar ba shi ne ke hawanta ba, don haka bayan ka gaisa da maigida ka nemi izini ka zauna da direban da kuma makanikin da ke kwance ta. Su ne suka san tiyon da ya fi fashewa da notin da ke yawan kwancewa.

Kada ka fara da cewa "Yaya motar, tana da kyau?" Amsar ita ce alhamdulillahi, kuma ba ka ƙaru da komai ba. Ka fara da bayanin aikinka: hekta nawa ne, ƙasar yashi ce ko burji ko laka, akwai gangare ko babu, faɗin ƙofar da za ta riƙa shiga, tazarar da ke tsakanin bishiyoyi, da kuma abu mafi nauyi da za ka so ta ɗaga. Daga nan sai ka ce masa, da wannan aikin ne a gabanka, za ka sake sayen wannan motar?

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai siffar tarakta da aka sani, ƙananan tayoyi a gaba, manya a baya, tana tafiya da giyar mai da ake kira HST maimakon kuloci, kamar Kubota BX da John Deere 1025R da Massey Ferguson GC. Akwai kuma mai lanƙwasa a tsakiya, wadda mai ne ke juya tayoyinta da duk kayan aikinta, kayan kuma a gaba ake ɗaura su, kamar Power Trac ta jihar Virginia a Amurka da Avant ta ƙasar Finland. Ta biyun ta fi iya juyi a matsattsen wuri, direba yana ganin abin da yake yi ba tare da waiwaye ba. Ta farkon kuwa tana da sandar juya kayan aiki da ake kira PTO, mai juyi 540 a minti ɗaya, da maɗauri mai hannu uku a baya, wanda garma da haro da injin yankan ciyawa na kamfanoni da yawa ke shiga. A ganina wanda yake nesa da wakilin kamfani ya fi samun kwanciyar hankali da ta farkon, saboda ba a ɗaure shi da kayan kamfani ɗaya ba.

Mutane sun fi damuwa da ƙarfin doki, alhali nauyin motar ne ke yin aikin ƙasa. Kubota BX2380 tana da doki kusan 22, L2501 tana da kusan 25, tazarar ba ta da yawa. Amma ta farko nauyinta wajen kilo 650 ne, ta biyun kuma ta kusa kilo 1,200. Idan aka kafa bokiti a busasshiyar jar ƙasa, mara nauyin tayoyinta za su yi ta juyawa a wuri ɗaya alhali injin bai ko gaji ba. Ka tambayi mai ita wane ne ke fara ƙarewa, ƙarfin inji ko riƙon taya.

Haka ma zancen ɗaga kaya. Lamba biyu ake rubutawa: abin da take ɗagawa daidai fil ɗin da bokiti ke juyawa a kansa, da abin da take ɗagawa milimita 500 gaba da fil ɗin. Ta biyun ce ta fi kusa da gaskiyar aiki, domin kaya ba a kan fil yake zama ba. A ƙananan nan za ka ga kilo 330 ko makamancin haka a ta farko, ta biyun kuma ba ta kai 250 ba, wato ko buhun siminti biyar ba ta cika ba. Busasshen yashi yana kai tan 1.6 a kowace kubik mita, jiƙaƙƙe ya fi haka, shi ya sa bokitin da ya ɗaga taki cike zai iya gagara da yashin rafi. Sannan ka duba abin da ya rataya mata a baya. In babu nauyi a baya, da zarar bokiti ya cika sai tayoyin baya su yi sakayau, gatarin gaba ya ɗauki lodin da ba nasa ba, sil ɗinsa, wato robobin da ke tare mai, su fara yoyo, a kan gangare kuma motar tana iya kifewa. Ƙarfen kariya da ke saman kujera da bel ɗinsa ba ado ba ne, kada ka sayi wadda aka yanke mata shi.

Inda ya kamata ka daɗe kana tambaya shi ne haidirolik. Famfon waɗannan ƙananan yana tura wajen lita 23 zuwa 24 a minti, kuma sitiyari yana da kasonsa a ciki. Wannan ya isa bokiti, amma na'urar da mai ke juyawa, kamar ta haƙa rami ko ta yankan rariya, tana iya neman fiye da haka, sai ta yi ta tafiya a kasalance. Ka tambaye shi ko bokitin yana iya ɗagawa da karkatawa a lokaci guda, ko sai ɗaya ya jira ɗaya. Ka tambaye shi ko ƙarfinta na azahar daidai yake da na safe. Man haidirolik idan ya haura digiri 80 yakan tsinke, sil su bushe su taurare, famfo ya fara cin kansa, kuma alamar farko ita ce motar ta yi sanyin jiki a hawan tudu bayan ta ɗau zafi. A wurin da rana ke wuce digiri 40 kafin damina, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙurar hunturu da ɓuntun ciyawa suna toshe ragar lagireto da ta na'urar sanyaya mai, don haka ka ji sau nawa yake kakkaɓe su a yini, kuma ko ana zare ragar da hannu ko sai an nemo sifana. Masu Kubota BX sun san wata fankar roba da ke ƙarƙashin motar tana sanyaya giyar mai, ƙaramin icce yana iya karya fikafikanta, shi ya sa da yawansu ke sa mata faranti na ƙarfe. Irin wannan ba a rubuta shi a takardar talla.

Ka tambayi man da yake zubawa, ka ce a nuna maka jarkar. A yawancin waɗannan taraktocin mai ɗaya ne ke hidimar giya da birki da haidirolik, shi ne Kubota ke sayarwa da sunan Super UDT2, John Deere kuma Hy-Gard. Idan aka zuba man haidirolik na gama-gari, birki zai fara ƙara yana karkarwa, domin a cikin man yake iyo. Ka zaro gejin ka duba: in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, in ya yi baƙi yana warin ƙauri, ya sha zafi. A awa 50 na farko ake canza baƙin mai da filta, fil-fil na bokiti kuma giris suke so kowace awa 10.

Idan daga Amurka za a kawo ta, ka lura da iyakar doki 25. Sababbin da suka haura nan galibi suna da matatar hayaƙi da ake kira DPF, wadda ke bukatar dizal mai tsabta ƙwarai, kuma lokaci-lokaci sai ta ƙona baƙin hayaƙin da ta tara. Dizal mai datti ko barin inji yana aiki a silo yana saurin toshe ta, motar ta rage ƙarfi da kanta. Wannan ne ya sa ake ƙera da yawa a doki 24 da ɗoriya. Na hannu da ake kwasowa daga gonakin shinkafar Japan kuwa suna da araha da ƙarko, sai dai wasunsu babu ƙarfen kariya, rubutun jikinsu da Japananci ne, lambar samfurinsu kuma ba lallai ta fito a kundin masu kayan gyara ba. Taya ma abin tambaya ce: ta ciyawa ba ta lalata fili amma ƙaya na huda ta, ta noma mai manyan haƙora tana riƙe laka amma tana yage ciyawar da aka sha wahalar rainonta, wadda ake kira R4 ce ke tsakiyarsu.

Gani ya kori ji, don haka ka roƙi alfarma ka je da sassafe kafin a tayar da ita. Ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake, ka ga yadda take tashi da kalar hayaƙin. Ka duba ƙasan inda ta kwana. A cika bokiti a ɗaga, a kashe injin, ka tsaya minti goma: in yana saukowa a fili, sil ɗin silinda ko bawul ya ci. Ka saurari famfo, kuka mai kaifi yana nufin iska ta shiga ko filta ta toshe. In kana zargin yoyo a tiyo, kwali za ka kara, kada ka shafa da hannu, domin man yana fita da matsi mai ƙarfi ƙwarai, yana huda fata, kuma raunin na asibiti ne nan take. Ka sa a cire wani kayan aiki a mayar a gabanka. Mahaɗin tiyo idan ya daɗe a rana yakan ƙi shiga saboda man ciki ya kumbura, kuma gogaggen direba zai nuna maka yadda yake sauke matsin kafin ya haɗa.

Kafin ka yi sallama ka tambaye shi kwanaki nawa ta fi daɗewa a ajiye tana jiran kayan gyara, kuma wane abu ne. Tiyo ana iya buga sabo a manyan garuruwa in ka je da tsohon, amma famfon HST ko injin juya taya sai an yi oda, kuma yana iya faɗowa tsakiyar damina. Ka rubuta lambobin filtar baƙin mai da ta dizal da ta iska da ta haidirolik, ka zagaya kasuwar kayan gyara ka ga ko ana samunsu. In babu, ka sa a haɗo maka na shekara biyu tare da motar, har da bel ɗin fanka da sil ɗin silinda. In kuma mai ita yana ba da haya, ka ɗauke ta yini guda zuwa filinka, ka ba ta aikin da ya fi wuya da tsakar rana.