Wasiƙa daga Jamus: Baƙinmu na fadama

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, musamman mutanen Haɗeja, Nguru da Gashuwa. Ina gaishe ku daga birnin Rostok da ke arewacin Jamus. Sanyi ya kankama a nan, tsuntsaye da yawa sun yi ƙaura, kuma na san wasunsu suna fadamarku a halin yanzu.

A jami'ar garin nan akwai gawar wani farin tsuntsu da aka adana, ɗan'uwan shamuwa ne, mai jan baki da jajayen ƙafafu. A shekarar 1822 aka harbo shi a wannan yankin, sai aka tarar da mashi irin na mafarautan Afirka soke a wuyansa. Da mashin ya ratso hamada, ya ƙetaro teku, ya iso gida. Kafin nan masanan Turai gardama suke yi kan inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi, har wasu na cewa cikin laka suke nutsewa su yi barci. Na daɗe tsaye a gabansa, ina tuna agwagin ruwa da muke gani sun rufe tafki da kaka, ba mu taɓa tambayar daga ina suka fito ba.

Tsuntsu bai san kan iyaka ba, shi ya sa ƙasashe suka ɗaure kansu da alkawura. An ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na Iran a 1971, ta dabbobi masu ƙaura kuma a birnin Bon na nan Jamus a 1979. A 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar. Dattawan Dagona, inda gandun tsuntsayen ruwa yake kusa da Gashuwa, ba su manta da zuwan Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila, a 1989 ba.

To amma takarda ba ta kawo ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadama duk shekara ta sauya. Wani wuri ya bushe, wani kuma ruwa ya kwanta ba ya janyewa, kacalla ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci ya rasa inda zai jefa koma, manomin shinkafa ya rasa gona, tsuntsun jan-baki ya samu maɓoya yana cinye hatsi. Ruwan da agwagwar Turai ke nema shi ne dai wanda masunci da makiyayi ke nema.

Nan ne nake ganin haɗin gwiwar ke da rauni. A nan Jamus ana kafa wa tsuntsu sheƙa a saman gida, ana saƙala masa zobe a ƙafa, ana bin sawunsa ta tauraron ɗan'adam. Na sha gaya wa abokaina masu wannan aiki cewa su kai rabin himmar nan wajen yashe magudanai da tsara sakin ruwa daga madatsu, kuma su zauna da Sarkin Ruwa da masu unguwanni kafin su rubuta komai.

Ku ma ina da roƙo gare ku. In wani ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafarsa, kada ya jefar. Ya rubuta lambar da ke jiki da wurin da ya same shi, ya kai wa ma'aikatan gandun Dagona. Akwai wanda ya saƙala zoben nan, shekaru yake jiran labari.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.