Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Matan da ke Rubuta Littafi da Babban Yatsa

A makon jiya na tsaya ne a inda Allah ya nufe ni da samun gurbin karatun digiri na uku, ina kuma ci gaba da koyarwa a sashen aikin jarida. Yau zan shiga batun da ya zame mini aikin rayuwa, wato marubutan Hausa mata da suka kwashe alƙalumansu daga takarda suka koma waya.

Ranar da na gabatar da taken bincikena a gaban malaman sashe, wani dattijo da nake ganin girmansa ya cire tabarau ya ce, "Yanzu Malama, duk faɗin duniyar nan ba ki ga abin nazari ba sai hirar mata a WhatsApp?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ba hira ba ce, littattafai ne ake rubutawa ana sayarwa, wasu sun fi shafi ɗari uku." Na tuna musu da muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990 kan abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, lokacin da wasu ke cewa littattafan soyayya ba su cancanci shiga jami'a ba. Irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ne suka tsaya kai da fata suka nuna akwai abin nazari a cikinsu, da kuma a fina-finan Hausa. Aka amince mini, amma na ga a fuskokin wasu ba har zuci ba.

Wanda bai san asalin abin ba zai zaci a intanet aka haife shi. Tun shekarun 1980 marubuta ke buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, su kai wa dillalai a kasuwar Sabon Gari, 'yan mata su karɓo haya a unguwa, gidajen rediyo su karanta. Sai abubuwa suka taru suka danne harkar. An kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano a 2001, a 2007 aka ƙona littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Kano mai suna A Daidaita Sahu, daga baya aka nemi marubuta su yi rajista. Darajar naira ta faɗi a 2016, takarda ta yi tsadar da ƙaramar marubuciya ba za ta iya ba. A daidai lokacin kuma wayoyin Tecno da Itel da Infinix suka shiga kowane ɗaki. Mata ba su daina rubutu ba, wuri suka sauya: Facebook, manhajar labarai ta Wattpad, sannan WhatsApp, inda kasuwar ta fi ci.

Aikin tattara bayanai ya faɗo mini a 2020, shekarar kullen korona, malaman jami'a kuma muna yajin aikin da ya kama daga Maris har Disamba. Ba aji, ba albashi, ba fita. Na shiga zaurukan karatu ta wayata. Tun ranar farko na ɗaura wa kaina sharaɗi: ba zan laɓe ba. Duk zauren da zan shiga sai na yi wa mai shi sallama, na faɗi ko ni wace ce da abin da ya kawo ni, na biya kuɗin littafi kamar kowa. Wasu sun ce ba sa so, na yi godiya na fita. Haƙƙinsu ne.

Ga yadda cinikin ke tafiya. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta, goma ko ashirin, har labari ya kai inda mai karatu ba za ta iya barci ba. Nan za ta sanar cewa daga yau littafi ya zama na kuɗi. A wancan lokacin naira 200 ne ko 300. Mai asusun banki ta tura, wadda ba ta da shi ta sayi katin waya ta ɗauki hotonsa ta aika, abin da suke kira shaidar biya ke nan. Sai a sa ta a zaure. Zauren WhatsApp a lokacin mutum 256 kawai yake ɗauka, don haka wadda ta yi suna takan buɗe na ɗaya da na biyu da na uku, duk ita kaɗai ke kula da su. A saman kowane shafi kuma akwai talla: turaren wuta, humra, atamfofi, kayan mata. Sau da yawa kuɗin tallan ya fi na littafin.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sharhi. Marubuciyar da aka biya amma ba a yi mata sharhi ba takan yi fushi ta dakatar da labari. Masu karatu kuwa ba 'yan kallo ba ne. Za su taru su ce wallahi kada a mayar da wance gidan wannan azzalumin, ko kishiyar nan ta isa haka, kuma sau da yawa labarin yakan karkata. Na ga an shafe dare ana gardama kan ko ya halatta jaruma ta nemi saki, har wata ta kawo abin da malaminsu na Islamiyya ya ce kan khul'i. A ganina babu wani wuri a ƙasar Hausa da mata ke tattauna aure da saki da gado da ciwon da namiji bai sani ba a sarari kamar waɗannan zauruka.

Da aka sassauta kulle na ziyarci ɗaya daga cikin marubutan. Ɗaki ɗaya da rumfa, yara uku, ƙaramin a bayanta. Ta miƙo mini wayar da take aiki da ita, fuskarta a tsage daga kusurwa, an ɗaure murfin da roba. Sai yara sun kwanta take farawa, ta kai ƙarfe biyu na dare tana dannawa da manyan yatsunta biyu. In ba wuta, da safe ta aika wayar wurin mai caji. Ta nuna mini gindin babban yatsanta na dama, a kumbure, ta ce man zafi take shafawa. Sannan ta nuna mini keken ɗinki a gefen gado ta ce, "Anti Malama, wannan littafina na biyu ne ya saya." Mijinta ya sani, har yakan sayo mata data. Danginsa ne ba su sani ba, kuma ba ta so su sani, domin a wurinsu duk mai rubutu a waya batsa take rubutawa. Akwai masu rubuta batsar, ban ɓoye wannan a kundina ba, amma ba su ne suka fi yawa ba, kuma laifinsu ya shafi kowa.

Babban ciwonta sata. Shafi zai fita da ƙarfe takwas, kafin tara wata ta fitar da shi zuwa zauren kyauta. In littafi ya ƙare a haɗe shi a raba wa duniya, wani lokaci har an goge sunanta. Mafi zafi su ne masu karanta littattafai a YouTube ba da izini ba. Tun 2018 ƙa'idar kamfanin ita ce tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara kafin a fara biyanta kuɗin talla. Littafi mai tsawo da ake saurara ana girki ko wanki shi ne hanya mafi sauƙi ta tara waɗannan awanni. Mai kwamfuta da makirufo ya kwashi dala, wadda ta kwana tana dannawa ba ta ga ko sisi ba. Makaminta ɗaya, layin da take rubutawa a saman kowane shafi: duk wadda ta karanta ba ta biya ba, ko ta fitar, ban yafe ba.

Za a ce ai akwai hanyar kai ƙara. Akwai. YouTube na da fom na neman a sauke abin da aka sata, Najeriya ma ta sabunta dokar haƙƙin mallaka, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Maris 2023. Amma fom ɗin yana neman cikakken sunan mutum na gaskiya da adireshi. Matar da ta ɓuya a bayan Maman wane ko Ummu wane don ta zauna lafiya a gidan aurenta, yaya za ta yi? Dole ta zaɓa tsakanin haƙƙinta da rufin asirinta, kuma kusan kullum rufin asiri take ɗauka. Waɗanda suka nemi mafaka a manhajar OkadaBooks, inda ake sayar da littafi cikin tsari, su ma sun wayi gari an rufe ta a ƙarshen Nuwamba 2023.

Wannan matsalar ta biyo ni har cikin kundina. Al'adar jami'a ita ce ka ambaci wanda ka ɗauko maganarsa, kuma masu jarrabawa sun nemi sunaye. Su ma marubutan, wasu na son a ga sunansu a littafin jami'a, domin ba a taɓa kiransu marubuta a irin wannan wuri ba. Wasu kuwa sunan zai iya kashe musu aure. Sai na koma wurin kowace ɗaya na tambaye ta. Wadda ta ce a sa sunan alƙalaminta na sa. Wadda ta ce a'a, ban tsaya ga cire suna ba, har jimlolinta ban kwafo ba, na faɗi ma'anarsu da bakina, domin layi guda ya isa a nemo mutum a intanet. Na sha tambayoyi a kan haka ranar kare kundi, ban sauya ba.

Wata daga cikinsu ta taɓa aiko mini da saƙon murya ta ce, "Anti Malama, ke za ki zama dakta da mu, mu kuma me za mu samu?" Tambayar daidai ce. Na rubuta taƙaitaccen sakamakon binciken da Hausa, na karanta shi a murya na tura zaurukan da suka karɓe ni. Muka buɗe ƙaramin zaure inda nake nuna musu yadda za su adana shaidar ranar da suka fara littafi, da yadda ake rubuta 'yar yarjejeniya da mai tasha kafin ya karanta. Na kuma ƙarfafa wa wasu gwiwa su shiga Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata. Zauren yana nan har yau, yanzu su ke koyar da sababbin shiga, ni sai an kira ni.

A Nuwamba 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu kan bidiyon da suka yi wa gwamnan jihar na lokacin. Wannan hukunci ne ya juya akalar bincikena daga marubuta zuwa masu bidiyo. A kansa za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.