Ranar da array_diff ya ce mini babu bambanci

Jiya bayan la'asar ɗan ƙanwata ya zo daga Samaru da laftof a hammata, wai in duba masa aikin da zai miƙa. Ina leƙawa na ga yadda yake kwatanta jeri biyu, irin jerin nan da kowane gida a cikinsa wani jerin ne. Ya bi kowanne da JSON.stringify na yaren manhaja JavaScript ya mai da su rubutu, ya sa === a tsakani don ya ga ko ɗaya ne, shikenan. Na ce wa ya koya maka wannan? Ko ɗago kai bai yi daga waya ba, ya ce "Kawu ai yana aiki." Wallahi sai da gabana ya faɗi, don da wannan maganar na kusa raba wani bawan Allah da abincinsa.

Lokacin ina da ɗan shago a Sabon Gari wajen PZ, ana buga takardu ana fotokwafi, ni kuma ina taɓa PHP, wani yaren rubuta manhaja, a gefe. Wata makarantar kuɗi ta ba ni aikin manhajar sakamako. Kowane ɗalibi jeri ne, cikinsa darussa, cikin kowane darasi gwaji na ɗaya, na biyu, sai jarrabawa. Shugaban makarantar ya ce yana son shafi guda da zai nuna masa duk makin da ya canza tsakanin abin da malami ya shigar da abin da za a buga a katin yaro. Na ce ƙaramin aiki, na kira array_diff, umarnin PHP mai fito da bambancin jeri biyu, na ga ya dawo wayam, na ce alhamdulillahi komai daidai.

Ashe array_diff hawa ɗaya kawai yake dubawa. Yana mai da kowane abu rubutu kafin ya kwatanta, shi kuma jeri in aka mai da shi rubutu a PHP kalmar Array, wato jeri, kawai yake zama. Wato yaron da ya ci 90 da wanda ya ci 9 duk Array ne a wurinsa, ta ina zai ga bambanci? Kuma PHP bai ɓoye mini ba, ya yi ta cika shafin da ƙorafin Array to string conversion, ni kuma na kashe nuna kurakurai gaba ɗaya don mai makaranta zai zo gani washegari kuma ba na son shafi ya yi datti.

To amma a yi mini adalci. Sati biyu aka ba ni, kuɗin ko man janareta bai gama biya ba, wuta sai ta ga dama, kuma a lokacin PHP ɗan tsokaci ya ɗauki abin, sai a PHP 8 da ya fito 2020 aka ɗaga shi ya zama gargaɗi sosai. Sai dai kuma a littafin bayanin PHP ɗin an rubuta ƙarara cewa hawa ɗaya yake dubawa. Ban karanta ba ne kawai.

Ƙarshen zango wata yarinya ta ci 71 a lissafi, kati ya fito da 17. Mahaifinta ya zo da takardar jarrabawar a hannu yana ta faɗa. Shugaba ya buɗe shafina ya ga babu canji, ya ce to malamin ne ya shigar da 17 tun farko. Malamin yana rantsuwa, ni ina tsaye bakin ƙofa na yi tsit. Daren nan na gano matsalar, amma sai da na yi kwana shida kafin na iya buɗe baki, an riga an rubuta masa takardar gargaɗi. Har yau in mun haɗu a Tudun Wada muna gaisawa, "Malam ina gajiya", amma ba na iya daɗewa.

Na zaunar da yaron nan da niyyar ba shi shawara goma, ga abin da ya fito.

JSON.stringify ɗinka maƙaryaci ne ta fuska biyu. Abubuwa biyu masu kaya iri ɗaya, in tsarin makullansu, wato sunayen kayan, ya sha bamban, zai ce ba ɗaya ba ne. NaN (ba lamba ba) da undefined (ba a sa komai ba) kuwa a cikin jeri duk null (babu) yake mai da su, sai ya ce ɗaya ne alhali ba haka ba. Ko ya ce sun bambanta ba zai ce maka a ina ba, kuma wurin ake nema. Zauna ka rubuta fankshin, wato ɗan umarni naka, mai kiran kansa: in duka biyun jeri ne ya shiga ciki, in ba haka ba ya kwatanta, yana riƙe da hanyar da ya biyo, ya ce maka ɗalibi na 4, lissafi, jarrabawa, 71 ya koma 17. Ka duba ta ɓangare biyu, don abin da aka ƙara ma bambanci ne, ba wanda aka cire kaɗai ba.

Ko da yake kai, kar ma ka rubuta, na san ku, za ka manta da jeri marar komai. Ɗauki isEqual na Lodash, wani kundin umarnin JavaScript da aka riga aka rubuta. Shi ma dai eh ko a'a kawai zai ce maka, to ka rubuta ɗin. Ni dai abin da ba zan yafe ba, kafin ka yarda da "babu bambanci", canza lamba ɗaya can ƙasan jerin da hannunka ka gani ko zai kama. Minti biyu ne. Amma ku yaran yanzu ko jan rubutun kuskure ba ku karantawa, kwafa kawai ku liƙa wa ChatGPT.

Yaron ya canza 60 zuwa NaN a ɗaya, null a ɗayan, allo ya ce true, wato ɗaya ne. Ya ce "Kawu to yanzu in goge duka?" Na ce tashi mu yi magariba tukuna.